Layin Wayar da Na Yi wa Kawu Rajista da Sunana

Edita, sannunku da aiki. A waya nake rubuto muku wannan, ina zaune a shago, in kwastoma ta shigo in ajiye, in ta fita in ci gaba. Sunana dai ku bar shi, an riga an kira shi a wuraren da ban so ba.

Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da huɗu. A cikin garin Funtua aka haife ni, na yi difloma a Zariya, na dawo na buɗe ɗan shagon mayafai da takalma da turare. Rabin cinikina a waya nake yin sa, in ɗora kaya a sitatus, a zaɓa, in ba mai mashin ya kai. A danginmu kaf ni ce gwanar waya. Wanda tasa ta ƙi kira ni zai nema, wanda zai cike wa ɗansa fom ni, wadda ta goge hotunan biki ba ta sani ba ni. Kuma gaskiya ina jin daɗin hakan, ina son in ji ana cewa a kai mata, ita ta san kan abin. Komai nawa na sauri ne. Ba na son dogon bayani, ba na son jira, in na ga cunkoso a wuri juyawa nake yi. Wannan halin shi ya kai ni inda zan ba ku labari.

Ina da kawu, yayan Mamanmu, manomi ne a wani ƙauye gaba da Maska. Masara yake yi da dawa da waken suya. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka tun ina cikin zani bai taɓa kiran sunana ba, uwata yake ce min. Tunda Babanmu ya rasu shi ne uban gidan duk da yana nesa. Duk kaka sai ya turo buhun masara ya ce na uwata ne, sauran ’yan gidan su roƙe ta ta sam musu. Lokacin da aka fara toshe layukan da ba a haɗa su da lambar katin ɗan ƙasa ba, nasa na cikin waɗanda aka toshe, don bai taɓa yin katin ba. Sau biyu yana hawo mashin ya zo Funtua a yi masa, sau biyu na’urar ɗaukar zanen yatsa tana ƙin karɓar nasa. Ma’aikacin ya duba hannun ya ce Baba ai fartanya ta cinye zanen, sai ya je ya huta da aiki na kwanaki yana shafa mai, sannan ya dawo. A tsakiyar damina fa ake wannan magana. Kawu ya yi dariya ya ce a gaya wa ciyawa ita ma ta huta.

Ni kuwa na ce Kawu bar wannan wahalar. Na ja shi wajen masu rajistar layi, na sayi sabon sim, na ba da lambata ta katin ɗan ƙasa, aka ɗauki hotona, minti goma an gama. Na saka masa a ’yar wayarsa mai tocila, na rubuta masa lambar da biro a jikin katin robar da ake ɓalle sim ɗin, na ce duk wanda ya tambaye shi lamba ya nuna masa. Ya yi ta sa min albarka har sai da na ji kunya a gaban mutane. Kuma ba shi kaɗai ba, haka na yi wa Mama, haka na yi wa gwaggona, har da wata dattijuwa maƙwabciyarmu. Ban ga laifin hakan ba ko kaɗan, kowa ma haka yake yi wa tsofaffinsa.

Bayan kamar shekara ɗaya da rabi, ranar Sallah na kira shi in yi masa barka. Wata murya ta ɗauka, ta ce babu mai wannan sunan a nan, aka kashe. Na sake kira ba a ɗauka ba. Sai na kira maƙwabcinsa ya kai masa waya. Kawu ya ba ni labari cikin nishaɗi, wai sifikar wayar ce ta mutu, ran kasuwa ya je wajen masu waya ya yi musaya, ya yi ciko aka ba shi wata mai rediyo mai ƙara. Kuma sabuwar da layinta ta zo, ya ma fi kama sabis a gona. Na ce to tsohon layin fa? Ya ce ai yana cikin tsohuwar, shi bai san ana cirewa ba. A wajensa layi kamar batir ne, da wayar yake tafiya. Wallahi dariya na yi. Na kashe waya na ba ’yan gida labari muka sake yin wata dariyar. Wata ƙawata ce kaɗai ta ce in je in sa a toshe layin nan. Na je ofishin kamfanin sau ɗaya, na ga mutane har bakin titi, kwastoma ta kira tana jira na a shago, na juya na ce sai wani satin. Wani satin bai zo ba har na manta.

Ranar wata Talata da hantsi maza biyu da mace ɗaya suka shigo shagona cikin kayan gida. Har na ɗauko turare zan fesa wa macen ta ji ƙamshi. Suka faɗi cikakken sunana, na ce ni ce. Suka karanto wata lambar waya, na ce ban san ta ba, kuma tsakani da Allah a lokacin ban gane ta ba. Suka nuna min katin aikinsu suka ce in rufe shago in biyo su. Babu tsawa, babu ankwa, amma duk maƙwabtan shagona sun ga an fita da ni. A ofis jami’in da ke riƙe da maganar ya zaunar da ni ya yi min bayani a natse. Da wannan layin aka riƙa kiran wani manomi ta wajen Danja ana ce masa ko ya kawo kuɗin da aka yanka masa ko ba zai girbe gonarsa ba, har ana lissafa masa sunayen ’ya’yansa da hanyar da suke bi zuwa makaranta. Bayan ’yan kwanaki aka shiga garinsu aka kore masa shanu. Ya juyo min fuskar kwamfuta, sai ga hotona da koren mayafina, ina ɗan murmushi. A nan na tuna ranar, na tuna Kawu a tsaye a bayana yana sa min albarka. Jami’in ya ce tambayarsa ɗaya ce, wa na ba layin?

Nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Duk wanda yake yankinmu ya san abin da kalmar infoma take nufi, wato mai kai wa ’yan bindiga rahoto. In aka liƙa ta a jikin mutumin ƙauye, wani lokacin ba ya ma kaiwa gaban alƙali, garin ne zai yanke masa hukunci. Na hango motar ’yan sanda ta tsaya a ƙofar gidan Kawu, mutane sun fito suna kallo. Sai na ce wayar tawa ce, ta faɗi a cikin adaidaita tuntuni. Ya tambaya ko na kai rahoto, na ce a’a. Ko na sa an toshe layin, na ce a’a. Ya ɗan kalle ni, ya miƙo takarda ya ce in rubuta hakan in sa hannu. Na rubuta da hannuna na sa hannu. Kwana biyu na yi a bayan kanta kafin wani maƙwabcinmu malamin makaranta ya tsaya min aka ba da belina, da sharaɗin duk Litinin zan riƙa kai kaina. Wayata kuma suka riƙe ta.

Da na dawo gida babu wanda ya zage ni a fuska, da ma zagin aka yi da ya fi min sauƙi. Shiru aka yi min. Matar da shagonta ke jikin nawa, wadda in za ta fita ni take bar wa makulli, ta koma kai wa wata. A Islamiyya in na zauna sai in ga an ɗan matsa. Wata ta zo yi wa Mama jaje, tana fita aka ji ta tana cewa ai yaran yanzu masu sana’ar waya ba a san da wa suke magana ba. Kwastomomin da suka yi odar kayan biki suka aiko a ce sun fasa. Na gaya wa Mama gaskiya tun ranar farko. Ta ce in daure kar in ambaci yayanta, yana da hawan jini, ga tsufa, kuma in har aka je aka ɗauko shi a gaban jama’a to zaman garin ya ƙare masa. Ta ce mu yi ta addu’a, tunda ban yi komai ba za su gaji su ƙyale ni. Na ga yadda take, ga ’ya ga ɗan’uwa, abinci ma ba ta iya ci. Na ce mata to.

Ƙawar nan tawa da ta ce in toshe layin ita ta haɗa ni da yayarta, lauya ce, Kirista ’yar Malumfashi da ke aiki a nan Funtua. Anti nake ce mata. Na maimaita mata labarin adaidaita. Ta tambaye ni wace rana, daga ina zuwa ina, wace irin waya, me ya sa babu ko kwastoma ɗaya da ta san ni da wannan lambar. Cikin minti biyu ƙaryar ta watse na fara kuka. Ta bar ni na gama, ta miƙo min ruwa, sannan ta yi min bayanin da har yau yake kaina. Ta ce masu bincike suna ganin inda layi ya zauna da waɗanda ya kira. Shekara ɗaya da rabi layin nan yana wajen Maska, yana kiran Mamana da mai sayar da taki, ni kuma ina Funtua ina sayar da mayafi. Sun riga sun san ba a hannuna yake ba, jira kawai suke su ga wa nake ɓoyewa da dalilin ɓoye shi.

“Ƙanwata,” ta ce, “da kika shiga ofishin nan ke mai sakaci ce kawai. Da kika sa hannu a takardar nan kin zama mai rufa wa wani asiri. Shi kuma kawun naki da kike karewa, kin sa ya yi kama da mai laifi.”

Ta ce in fayil ɗin ya tafi kotu a haka, ni za a tuhuma da haɗin baki, kuma irin wannan shari’ar beli a cikinta ba wasa ba ne. Shawararta ita ce kar mu jira mota ta je ƙauye, Kawu ya zo da ƙafarsa, ita tana gefensa, ni kuma in sake bayani in amsa cewa na yi ƙarya. Ta ba ni zuwa Litinin. Na koma gida na kasa gaya wa Mama, na kasa kiran Kawu. Ina ta juya abin a raina, ni ce na ce masa bar wahala, ni ce na yi dariya ranar Sallah, yanzu kuma ni ce zan kai sunansa.

Ranar Asabar sai ga shi da kansa. Wani direba da ke jigilar hatsi ne ya gaya masa an kama uwarsa a Funtua. Ya zauna a tabarma a tsakar gida, ko ruwan da aka kawo bai taɓa ba, ya ce a gaya masa. Mama ta fara kewaye-kewaye, wai ’yar matsala ce ta shago an ma kusa gamawa. Ni kuma na kasa jurewa na faɗa masa komai. Ya kalli tafin hannunsa. Can ya tambaye ni, wato ɗan abin nan da ke cikin wayar sunana ne a jiki, kuma duk watannin nan yana yawo a aljihun wanda ba mu sani ba? Na ce eh. Mama ta ce Yaya don Allah ka koma gida, za mu san yadda za mu yi. Ya juya ya kalle ta.

“Ke kika haife ta, amma uwata ce. Ni da furfurata in ɓuya a bayan uwata?”

Ko kwana bai yi ba ya koma. Abin da ya yi a can daga baya muka ji. Ya fara zuwa wajen mai gari ya faɗa masa, sannan bayan sallar La’asar ya miƙe a masallaci ya gaya wa jama’a da bakinsa, daga musayar wayar har zuwa kama ni, ya ce Litinin zai je ya kai kansa, kar kowa ya ji a bakin wani. Ranar Litinin ya iso da farar rigarsa ta Juma’a, da wakilin mai gari, da wani tsohon gwangwanin madara a leda. A gaban jami’in ya buɗe gwangwanin. Katin zaɓe ne a ciki, da takardun taki na shekaru, da katin asibiti, da katin robar nan mai lambar da na rubuta da birona, da wata ’yar takarda mai hatimi da mai wayar ya ba shi ranar musaya, da kwanan wata a jiki. Kawu ba ya karanta boko, amma bai taɓa yar da takarda ba, yana cewa tunda aka rubuta akwai dalili. Ni mai difloma ko rasit ɗaya ban taɓa ajiyewa ba. Kwanan watan nan ya nuna layin ya bar hannunsa wata biyar kafin a fara kiran mutumin Danja.

Duk da haka ba a ce ya tashi ya tafi ba. Kwana biyu shi ma ya yi a wajensu, masararsa ta isa karya tana jiran sa a gona. Ran kasuwa suka tafi da shi ya nuna mai wayar, shi kuma ya faɗi wanda ya saya daga hannunsa, binciken ya yi gaba. Inda ya tsaya ban sani ba, kuma ba nawa ba ne in faɗa. Sabuwar wayar Kawu ma sai da suka karɓe, don layin da ya zo da ita shi ma sunan wata baiwar Allah ne a jiki, wadda wataƙila har yau ba ta san yana yawo ba. Ni kuma na sake rubuta bayani, Anti tana zaune kusa da ni. Jami’in ya ce ƙaryar da na yi kaɗai ta isa a gurfanar da ni, Anti ta yi ta ba shi haƙuri, ni ma na ce Yallaɓai na tuba. Sai da na yi wata huɗu ina kai kaina duk Litinin kafin aka ce in daina zuwa, aka ba ni wayata.

Wurin da na fara zuwa shi ne ofishin kamfanin nan da na guje wa cunkosonsa. Tun safe har bayan Azahar ina tsaye. Na sa aka duba duk layukan da ke kan lambata na rufe su, ban da nawa. Mama da maƙwabciyarmu na kai su suka yi nasu da sunansu. Gwaggo ta yi fushi ta ce na mayar da ita ɓarauniya, har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce. Kwastomomi wasu sun dawo, wasu har yau in sun gan ni sai su kau da kai. Can ƙauye ma akwai waɗanda suka ɗan janye daga tabarmar Kawu na wani lokaci, shi dai bai taɓa faɗa min ba, a bakin matarsa na ji. Abin da ya fi ci min rai shi ne duk haɗuwarmu sai ya ce in yafe masa, shi ya jawo min.

Ya ce shi da waya har abada. Na ƙyale shi har aka gama girbi aka kai amfani rumbu, sannan na je na ɗauko shi da kaina. Sati biyu ya yi a gidanmu, na hana shi taɓa komai, ko tsintsiya, safe da yamma ina shafa masa man kaɗanya a yatsu. Ya yi ta mita, wai an mayar da shi amarya saura lalle, Mama tana tsokanarsa wai ango ya kusa zuwa. Muka je wajen yin katin muka zauna cikin jama’a har aka zo kanmu. Na’urar ta ƙi sau biyu, a na uku ta karɓa. Da lambarsa ta fito na saya masa ’yar waya muka je ya yi layinsa, shi aka ɗauka hoto, hularsa a karkace. Ina zaune kusa da shi a benci ya sa na nuna masa yadda zai kira ni, ya kira, na ɗauka.

“Uwata, wannan sunan wa ke ciki?”

Na ce naka ne, Kawu. Ya ce to alhamdu lillahi, in layin ya yi laifi a zo wajensa.

Na daɗe ina ɗauka abin da na yi masa ranar farko taimako ne. Yanzu na gane gajeriyar hanya na bi don kar in ɓata ranata, kuma shi ya biya da kwana biyu a tsare da tsayuwa a gaban masallacin garinsu. Don haka ’yan’uwana matasa, musamman mu da ake kawo wa waya a gyara a gida, layin da ke kan lambarka ko a hannun wa yake kai ne, duk abin da aka faɗa da shi kai za a fara tambaya. In ka san ka yi wa wani, yau ka kira ka ji wa zai ɗauka. In waya ta ɓace ko an sayar da ita da sim a ciki, ka je a toshe, ka karɓi takarda ka adana. In kuma Allah ya kawo ƙaddara aka kira ka ofis, kar ka sa hannu a kan ƙarya ko da wanda kake ƙauna za ka kare, ka nemi lauya ka faɗi yadda aka yi. Tsofaffinmu kuwa kar ku ara musu sunanku. Ku ɗauke su ku kai su, ku zauna da su a kan bencin har a zo kansu. In na’ura ta ƙi yatsunsu, man kaɗanya ba shi da tsada, sati biyu ne kawai. Ni sati biyun nan na ƙi bayarwa tun farko.